Nauyin Dada

Suwaibatu ta zura hannuwanta ƙarƙashin hammatar mahaifiyarta, ta yi bisimilla, ta yunƙura. Sun kai tsakanin gado da keken marasa lafiya sai wani abu ya kama ta a kwankwaso, kamar an soka mata tsinke mai zafi. Ta tsaya cak a sunkuye. Tsohuwar na reto a hannunta, ƙafar hagun da ta shanye tana jan siminti. Ba ta iya miƙewa, ba ta iya saki. Da gwiwa ta turo keken, ta dire Dada Joda a kai da ƙarfin da ba ta yi niyya ba, sannan ta dafa bango tana jiran numfashinta ya dawo.

Dada ta ɗago ido ta yi magana. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta same ta bayan ƙaramar Salla, harshenta ya yi nauyi, kuma Suwaibatu kaɗai ke gane abin da take faɗi. Tambaya take ko bayan ne kuma. Suwaibatu ta ce ba komai, zaninta ne ya harɗe ta. Ta gyara wa tsohuwar ɗankwali, ta leƙa waje ta ga mai keke napep ɗin da ke kai su asibiti duk Talata ya iso.

Suwaibatu malamar firamare ce, kuma tun rasuwar mijinta ta dawo gidan mahaifiyarta a unguwar Malam Inna. Dogon hutu ake yi, shi ya sa take wuni a gida. Abin da za a yi idan an koma makaranta, ba ta yarda ta yi tunaninsa sosai.

Tun da ciwon ya zo, gidan bai rabu da masu shawara ba. Wannan ya ce man habbatus sauda, waccan ta ce kitsen damo, wani ya ce akwai mai magani a Dukku da ya tayar da surukinsa. Suwaibatu ta lura duk a kujerar roba ɗaya suke zama, wadda ke bakin ƙofar ɗaki. Mutum ya faɗi tasa, ya sha ruwa, ya yi addu'a, ya tafi. Ba ta tuna wanda ya taɓa kaiwa lokacin da za a ɗaga tsohuwar. Don haka ta koyi wata irin "to, an gode" mai laushi, wadda ke rufe zance ba tare da an ɓata wa kowa ba.

A sashen gashin ƙashi, ma'aikaciyar da ke duba Dada sunanta Hilda, 'yar Kaltungo, siririya, ba ta kai Suwaibatu tsawo ba. Yau ba ta taya ta mayar da tsohuwar kan gadon gashi ba. Tsayawa ta yi ta harɗe hannu tana kallo, har Suwaibatu ta gama tana cije leɓe. Sai da Hilda ta lanƙwasa ƙafar Dada ta miƙar da ita, tana yi mata hira da ɗan Fillancin da ta tsinta a bakin marasa lafiya, sannan ta juyo.

"Malama, tun yaushe bayan nan yake damunki?"

Suwaibatu ta ce gajiya ce kawai. Hilda ba ta yi gardama ba. Ta ce ta sha gani a ɗakin nan, mai jinya ya yi ta kawo mara lafiya, wata rana a wayi gari shi ne kwance a gadon gefe. Ta tambaye ta ko zafin na sauka ƙafa, ko ƙafar na mutuwa, ta sa ta ta sunkuya ta miƙe, ta danna wurare a bayan. Ta ce ba ta ga abin tsoro ba tukuna, amma man zafi da ƙwaya ba za su rage wa Mama nauyi ba. Abin da ya rage shi ne a ƙara wa mai ɗauka ƙarfi. Akwai wasu mata da ke haɗuwa a garejin gidan su ita Hilda a unguwar Kumbiya-Kumbiya bayan la'asar, Talata da Alhamis, suna ɗaga ƙarfe.

Suwaibatu ta yi dariya. Ɗaga ƙarfe a wurinta shi ne samarin bakin layi masu singileti, da gwangwanayen siminti a bakin sanda, suna nishi don 'yan mata su ji. Ta riga ta shirya "to, an gode" ɗinta, har ta buɗe baki.

Sai lokacin mayar da Dada keke ya yi. Hilda ta matso da keken daf da gado, ta zaunar da tsohuwar, ita kuma ta ware ƙafa, ta rage tsawo kamar za ta zauna a kujerar da babu ita. Ta rungumo Dada a ƙirji, ta miƙe, ta juya, ta ajiye ta. Ba nishi, ba cije leɓe. Ko ɗankwalin Dada bai goce ba. Tsohuwar ma sai da ta waiga ta ga inda ta baro.

Suwaibatu ta bi hannuwan Hilda da kallo. Hannuwa ne irin na kowa, har da agogo mai siririyar igiya. A ina ƙarfin yake zaune? Wannan tambayar ce ta biyo ta har cikin keke napep, ta hana ta jin hayaniyar hanyar kasuwa. Dada kuwa ta ji duk abin da aka faɗa, kuma ba ta ɓoye ra'ayinta ba. Ta ce mace mai kunya ba ta tsayawa tana bubbuɗe ƙafa kamar ɗan kokawa, su a rugarsu sun ɗauki ƙwarya da tulu da goyo ba wanda ya koya musu da ƙarfe. Suwaibatu ta ce haka ne, Dada. Amma a ranta tana ƙoƙarin tuna ko Hilda ta riƙe numfashi ne lokacin miƙewar, ko sakinsa ta yi.

Kuskurenta shi ne da yayanta Zaharaddin ya kira ya ji yadda aka yi a asibiti, ta ba shi labarin a matsayin abin dariya. Bai yi dariyar ba. Ana gama azahar ba da jimawa ba sai ga ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida. Ya shigo da gasasshiyar masara a leda, ya durƙusa ya gaishe da Dada da ke kwance kan katifa ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida tana shan iska, sannan ya jawo kujerar roba.

Ma'aikaci ne a ma'aikatar gona, mutum mai son danginsa, mai kuma yarda da duk abin da ya gani a waya. Ya ce ƙarfe yana saukar wa mace da mahaifa. Ya ce yana tsinka jijiya, yana sa murya ta yi kauri, kafaɗa ta buɗe har riga ta daina shiga. Ya ce ita malama ce, idan iyayen yara suka ji fa? Zai sayo mata ɗamarar baya irin ta masu jinya, akwai kuma wani man shafawa da abokin aikinsa ke yabo. Don ta gani da idonta, ya buɗe wani bidiyo ya miƙa mata wayar: wasu mata ne a ƙasar waje, jiki duk mai, suna murɗa damatsa a kan dandamali.

Ya yi zaton za ta kawar da kai. Sai ta riƙe wayar ta matso da ita kusa da ido. Ta tambaye shi shekara nawa mutum zai yi kafin ya zama haka, ya ce bai sani ba. Ta tambaye shi ko ya san wata mace a Gombe da mahaifarta ta sauka saboda ƙarfe, ya ce abu ne sananne. Ta mayar masa da wayar.

"Hamma, Dada za ta kai kilo nawa?"

Ya dubi tsohuwar, ya dubi ƙanwarsa. Ya ce ai Dada ba ta da jiki, balle yanzu da ta rame.

Aka kira la'asar. Ya tafi masallacin layi ya dawo, ya tarar ta yi salla, ta ba Dada kunu, ta sa wando a ƙarƙashin zani, tana zura hijabi. Ta ce tunda Allah ya kawo shi, ya zauna da Dada na ɗan lokaci, za ta je ta ga wurin ne kawai, gani ba ya sauke mahaifa. Ta nuna masa inda ruwan sha yake. Kafin ya haɗa amsa ta kai zaure.

Gidan su Hilda na cikin wani lungu bayan shagon masu walda. An jawo ƙyauren garejin an bar ɗan fili don iska, an rataya labule. Suwaibatu ta yi sallama ta shiga tana baza ido. Ta yi tsammanin madubai da kiɗa. Abin da ta gani shi ne tabarmin roba a ƙasa, benci guda, sandunan ƙarfe a jingine da bango, da faya-fayan ƙarfe manya da ƙanana an jera su kamar murafan tukwane. Akwai wasu dunƙulallun ƙarafa masu mariƙi a sama, kamar butoci marasa baki. A kusurwa ga tsohuwar firji da ba ta aiki, a kanta kowa ya ajiye jaka da waya.

Mata kaɗan ne. Wata dattijuwa mai furfura, da zani ɗaure a kan wandon motsa jiki, tana tsaye gaban sanda mai faifai a kowane gefe. Ta sunkuya ta kama, ta ja iska, ta miƙe da sandar har cinya, ta tsaya, ta mayar a hankali. Suwaibatu ta ji bayanta ya amsa don tausayi. Dattijuwar kuwa ta karkaɗe hannu ta ce mata sannu da zuwa. Ita ce Mama Jennifer, tsohuwar magatakardar kotu da ta yi ritaya. Ɗayar da ta fi kowa surutu budurwa ce mai ƙaramin hijabi, Bushra, ma'aikaciyar banki.

Ba a daɗe ba suka gane an ja wa baƙuwar kunne kafin ta zo, kuma suka so su ji da me. Da ta ambaci mahaifa, Mama Jennifer ta ce tata ta gama aikinta tun tuni, in tana son sauka ta sauka. Ita ɗanta da ke Legas ne ke kira duk Lahadi yana roƙonta ta tsaya ga tafiyar ƙafa, kada ƙashinta ya karye, alhali likita ne ya ce ƙashin ya fara laushi, ta nemi abin da zai ƙarfafa shi. Bushra ta ce ita an gaya mata ba mai auren mace mai damtse, shekararta biyu tana jiran damtsen ya fito ta gani, har yau shiru.

Abin da ya ba Suwaibatu mamaki, su ma nan ba su rasa tasu shawarar ba. Bushra ta ce ta riƙa cin ƙwai kullum, ta kuma sayi wani gari da ake damawa. Mama Jennifer ta ce garin banza, wake da gyaɗa sun isa, abin da ya fi shi ne ta sayi takalmi mai shafaffen ƙasa. Bushra ta ce ba takalmi ma ya fi. Suka shiga musu a kanta kamar ba ta wurin. Suwaibatu ta ji "to, an gode" ta taso mata, ta kusa yin dariya.

Hilda ba ta shiga musun ba. Ta ce wa Suwaibatu ta cire zanin in ba damuwa, ba namijin da ke shigowa. Ba ta ba ta ƙarfe ba. Sandar tsintsiya ta ɗauko ta ɗora mata a gadon baya, daga ƙeya har ƙugu, ta ce ta tura ɗuwawu baya kamar za ta rufe ƙofa da su hannunta cike da kaya, kada sandar ta rabu da bayan. Suwaibatu ta gwada, sandar ta tashi. Ta sake, ta sake. Kunya ta kama ta, matar da ke koya wa yara rubutu ga ta an tsaya ana koya mata sunkuyo. Sai a wani yi, ta ji wani abu ya ja a bayan cinyoyinta, wurin da ba ta taɓa sanin yana da aiki ba, kwankwason kuma ya yi shiru.

"Nan ne," in ji Hilda, ta dafa wurin da tafin hannu. "Shekara da shekaru bayanki ke yin aikin waɗannan, suna zaune suna hutawa."

Sannan ta turo mata ɗaya daga cikin butocin ƙarfen, ta ajiye tsakanin ƙafafunta. Suwaibatu ta kama mariƙin. Sanyi gare shi, da ɗan kaushi. Ta ja iska yadda aka ce, ta ƙulle ciki, ta taka ƙasa da ƙarfi kamar za ta ture ta. Ƙarfen ya taso. Ta tsaya riƙe da shi tana sauraron jikinta, tana jiran tsinken nan na safe. Bai zo ba. Ta ajiye, ta sake ɗagawa, tana mamakin yadda abu ɗaya yake nauyi in ya yi nisa da ƙafa, ya yi sauƙi in ya matso. Ta tambayi Hilda dalili, ta tambaye ta me ya sa ake riƙe numfashi, me ya sa ba a kallon sama. Ta tambaya ko wannan ya kai nauyin Dada. Hilda ta yi murmushi ta ce ko kusa, wannan bai fi jarkar man gyaɗa ba, Mama tana can gaba, sai an yi watanni. Ta hana ta ƙarawa ko da ta nemi mai girma, ta ce gobe cinyoyinta za su zage ta, kada ta tsorata.

Suna cikin haka garin ya yi duhu. Iska ta ɗaga labulen, ƙamshin ƙasa ya shigo. Suwaibatu ta tuna inda ta bar Dada. Ta ɗaura zani a gurguje. Kafin ta kai titi ruwan ya sauko, masu keke napep duk sun cika, wayar Zaharaddin kuma tana ta ƙara ba a ɗauka. Da ta samu abin hawa, sai da suka tsaya a bakin kwari suna jiran ruwan da ya hau hanya ya rage.

Ta shiga gida a jiƙe. Katifar na nan ƙarƙashin darbejiya ta sha ruwa, keken Dada na gefe, wayar yayanta a kan kujerar roba ruwa na dukanta. A baranda ta same su, a ƙasa. Dada na jingine da bango, an lulluɓe ta da rigar Zaharaddin. Shi kuma yana zaune kusa da ita daga shi sai singileti, ƙafafu a miƙe, hannu ɗaya a kwankwaso, ya karkace kamar mai sauraron wani abu a cikin bango.

Ta duba Dada tukuna. Ba ta ji ciwo ba, ƙafafunta ne kawai suka jiƙe, idanunta kuwa suna ƙyalli irin yadda Suwaibatu ta daɗe ba ta gani ba. Zaharaddin ya ce da iska ta taso ya rasa yadda ake buɗe birkin keken, sai ya sunkuya ya ɗauke ta cak. Har baranda ya kawo ta. A nan bayan ya riƙe, da ƙyar ya sauke ta ba tare da sun faɗi ba, daga nan kuma bai iya kai ta gado ba.

"Ban san haka take da nauyi ba," ya ce, bai ɗago kai ba. "Kullum haka kike yi?"

"Safe da rana da dare."

Dada ta yi magana, doguwa, har da ɗaga hannunta mai lafiya. Zaharaddin ya dubi ƙanwarsa yana jiran fassara. Suwaibatu ta ce cewa ta yi ya ɗauke ta kamar buhun masara, yarinyar asibiti ta fi shi iyawa. Kafaɗun tsohuwar na girgiza, dariya take yi da rabin fuska.

Ɗaga mutum daga ƙasa ba irin ɗaga shi daga gado ba ne, kuma cinyoyin Suwaibatu sun riga sun fara rawa. Yau ita kaɗai ba za ta iya ba, shi ma haka. Ta shigo da keken ta goge shi, ta taka birkin a gabansa don ya gani. Ta ce ya tashi a hankali ya tsaya ta dama, ita ta hagu. Ta ce ya matso sosai, ya ware ƙafa, ya tura baya kamar zai zauna. Ya sunkuya yadda ya saba, ta dafa gadon bayansa ta ce ba haka ba, Hamma, gwiwa za ka karya. Ya gyara. Ta ce ya ja iska ya riƙe. Suka miƙe tare, Dada ta taso a tsakaninsu, ta sauka a keken ba ko jijjiga.

Ya daɗe tsaye riƙe da mariƙin keken bayan an gama. Shi ya tura ta ɗaki, ya tsaya daga waje har aka canja mata kaya, ya koma ya zauna a bakin gado yana murza mata ƙafafu don su yi ɗumi. Da ruwan ya tsagaita aka fara kiran magariba, ya karɓi rigarsa a jiƙe ya sa, ya yi wa Dada sallama.

Suwaibatu ta raka shi zaure. Yana tura babur a karkace, yana cije baki a kowane taku. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce shi dai har yanzu bai ga dacewar mace da ƙarfe ba, kuma ɗamarar nan zai sayo ta, ko ba ta so. Ta ce to, Hamma.

Ya hau babur ɗin da dabara, ya tayar, bai tafi ba. Yana kallon ruwan da ke gudu a kwata.

"Ranar Alhamis ɗin," ya ce, "in zo kafin la'asar ne, ko bayanta?"